Fuskar da Bango Ya Ƙi Sha

Yayana Ansano mai yaɓe ne, ba mai zane ba. Gara in faɗi haka tun da wuri, domin baƙin da ke shiga cocinmu su ɗaga kai su saki baki ba su taɓa tambayar wanda ya yi bangon ba. Sunan Maigida Oddo kawai suke nema, mai zanen da aka ɗauko daga birnin Firenze. To, Oddo shekara uku ya yi yana shan miyar wakena, kuma ko layi ɗaya bai ja ba sai a kan abin da hannun yayana ya shimfiɗa masa.

Da sassafe Ansano yakan hau gadon katako da kwaɓin farar ƙasa da yashin rafi, ya yaɓa daidai wurin da mai zane zai iya gamawa kafin rana ta faɗi. In sama ce ko ciyawa, faɗin ƙofa. In fuska ce, faɗin faranti. Launi da ruwa kawai ake dama shi, a shafa tun yaɓen yana ɗanye, bango ya sha ya bushe da shi a ciki. Sau uku yayana yake wucewa da cokalin yaɓe a kai, ya bar shi da ɗan kaushi, ya sauko.

Mutum ne da rabin hankalinsa kullum yana wani wuri. Sai ya tsaya gaban tabon damshi a katanga ya ce yana ganin garken tumaki na tsallake kogi. Matarsa Mattea ce ke dawo da shi duniya. Da tsakar rana takan zo da kwandon burodi da zaitun, ta tsaya ƙarƙashin katakon.

"Mai tumaki, ka sauko ka ci, ko in ba kare?"

"Ina zuwa."

"Tun ranar aurenmu kake zuwa, har yau ba ka iso ba."

A da, waliyyan cocinmu sandararru ne, a tsaye cikin ruwan zinariya, ba inuwa ba ƙasa. Oddo ya zo da sabon yayi: mutane masu nauyi, masu inuwa, da tuddai suna ƙanƙancewa can nesa har ka ji kamar ka taka ka shiga. Ranar da Almasihu ya ciyar da jama'a yake zanawa, jama'ar kuwa mu ne. Ya sa mahauci, ya sa mai niƙa, ni ma ya sa ni, da hancin da na rantse ya ƙara masa tsawo. Ya zana Mattea da gawayi a takarda tana dariya, ya ce sai bazara zai kai wurinta.

Ba a aikin bango da sanyi. A cikin sanyin nan zazzaɓi ya ɗauke Mattea, kwana biyar kacal.

Ansano bai yi kuka a gaban kowa ba. Wata rana dai ina tankaɗe, ya zauna a bakin ƙofata ya ce, "Bice, fuskarta tana guje mini. In na rufe ido muryar nake ji, amma fuskar sai ta zama hazo." Tsoronsa ke nan, ba wani ba. Na tausaya masa ƙwarai, sai na ɓuge da yi masa faɗa a kan rigarsa da ta yage.

Da itatuwa suka toho Oddo ya dawo. Ya dafa kafaɗar yayana ya ce, "Gobe ranar Mattea ce. In ta shiga bangon nan, jikokin jikokinka ma za su same ta."

Na bi yayana da safen, don hankalina bai kwanta ba. Hasken farko yana saukowa ta tagar sama, ƙura tana yawo a cikinsa a hankali. Ya yaɓa faɗin faranti. Ya wuce da cokali sau uku. Bai sauko ba. Ya sake wucewa, ya sake, a hankali, yana magana ƙasa-ƙasa, yadda mutum ke shafa kumatun wanda ke barci. Tantabaru suka shigo suka fita, aka kaɗa ƙararrawa, shi yana can. Ni da ban san aikin ba, kyau kawai na ga wurin yana yi, sumul yana sheƙi kamar ɓawon ƙwai.

Oddo ya hau, ya taɓa da bayan yatsa, ya ɓata rai.

"Ansano, me ka yi haka? Shekara talatin kana yaɓe, yau ka manta? Ka toshe masa baki. Wannan ba zai sha ba."

"Kaushi ne da shi, Maigida. Ita fuskarta ba kaushi."

"Kai, bango ne fa, ba mace ba. Miƙo wuƙa in kankare, gobe ka yi sabo."

Yayana, wanda ko akuya ba ya iya kora, ya tsaya tsakanin mai zane da bangon. "Ba mai sa wa Mattea wuƙa."

Na ce, "Yaya, ka ji maganar mai aiki mana." Ko waiwaye bai yi ba. Oddo ya dube ni, ya dubi rufi, ya zagi kakannin duk wani mai yaɓe na ƙasarmu ta Toskana, sannan ya ɗauki buroshi.

Abin haushi, ba fuskar da ta kai ta kyau a bangon duka. Launin ya kwanta a sama bai nutse ba, sai ya zama kamar haske daga cikinta yake fitowa. Tana riƙe da kwando, ta juyo za ta yi magana. Mata suka riƙa zuwa daga wasu garuruwa don su gan ta. Ansano kuwa kullum da yamma yana kan benci na uku, hula a gwiwa, kuma a shekarun nan na sake jin dariyarsa.

A shekara ta bakwai gashinta ya fara zuba daga bangon kamar gari. Sai baki, sai kumatu. Oddo ya riga ya mutu, takardar gawayin kuma ba wanda ya san inda ta shiga. Limamin cocin ya ce a kira wani ya cike wurin. Yayana ya ce wanda bai taɓa ganinta ba, matar wa zai zana? Mahaucin nan da bai taɓa yi wa kowa alheri ba yana nan daram, hancina ma haka. Kwandon yana nan, hannuwanta suna nan. Saman wuyan kuwa fari ne sumul.

Ansano bai daina zuwa ba, har sai da ƙafa ta ƙi. A ciwonsa na ƙarshe ina ba shi romo, ya riƙe mini hannu.

"Bice, ke da kike da kai. Idanunta, baƙaƙe ne ko ruwan toka?"

"Baƙaƙe mana," na ce, da ƙarfi har da harara. "Wannan ma abin tambaya ne?"

Ya yi murmushi, ya lumshe ido, ya ce ai ga ta nan, yanzu ya gan ta sosai.

Shekara goma sha ɗaya muka yi da Mattea muna wanki a rafi ɗaya, kuma wallahi ban tuna ba.