Waƙar Tela Ta Riga Kiɗa

Na daɗe ina ɗaukar cewa duk wanda ya ƙi sabon kayan aiki tsoro ne kawai ke damunsa. Inda na yi karatu, da manhaja ta tsufa sai a share ta, babu mai waiwaye. Labarin maƙwabcina Injiniya ne ya sa na fara shakkar wannan ra'ayi.

Gyaran rediyo ya fara yi, shi ya sa sunan ya bi shi. Daga baya ya mayar da ɗakin ajiyar gidansa wurin ɗaukar waƙa: ya manna kwalayen ƙwai a bango, ya toshe taga da tsohuwar katifa, ya kafa makirfo ɗaya. Shekara goma sha huɗu yana aiki da kwamfuta ɗaya da manhaja ɗaya, wadda in an kunna ta sai mutum ya gama shan shayi kafin ta buɗe. Mawaƙin da ya fi daɗewa da shi wani tela ne, dattijo mai siririyar murya, wanda kan zo duk Asabar da zare maƙale a rigarsa. Yaya Injiniya yake ce masa.

Rannan sai ƙanen Injiniya ya aiko masa da sabuwar kwamfuta, da sabuwar manhaja a ciki. Sati biyu yana laluben maɓallai. Tsohuwar kuwa aka ɗora ta kan kabad, aka lulluɓe da zanen matarsa.

Asabar ta zo, Tela ya saƙala abin ji a kunne, aka sakar masa kiɗa, ya rera. Da aka kunna don a saurara, sai suka dubi juna. Muryar na nan garau, har ta fi da, amma kowace kalma tana faɗowa kafin ganga, kamar mai rige-rigen shiga mota.

“Yaya, ka yi sauri.”

“Ni? Tun kana gyaran rediyo nake waƙa, yau za ka koya mini?”

Aka sake. Haka dai. Aka sake har sau tara. Injiniya ya canza wayar makirfo, ya kashe fanka, ya hura makirfo, har ya zargi shayin da Tela ya sha. Ya kira ƙanensa, wanda ya ce manhajar ba ta kuskure, a dai duba mawaƙin. Wannan magana kuwa a kunnen Tela ta faɗa.

Asabar uku ana wannan fama. A ta ukun Tela ya cire abin kunnen a hankali, ya rataye shi a ƙusa.

“Kunnen ne ya tafi, Injiniya. Dama zaren allura ma yanzu sai an zura mini. Gara in bari da mutuncina.”

Bai zo ba a Asabar ta huɗu. Injiniya ya wuni a ɗakin yana sauraron tsofaffin waƙoƙinsu, waɗanda kowace kalma ke zaune daram a kan kiɗa, ya rasa inda aka haihu a ragaya. Matarsa ta leƙo tana neman zanenta.

“Baban yara, in kun gama zaman makokin, a ba ni zanena. Ita wannan tsohuwar ta kan kabad, mutuwa ta yi ne, ko kunyar kunna ta kake ji?”

Don ta ƙyale shi ya sauko da ita. Ya kunna, ya tafa hannu sau ɗaya a makirfo daidai bugun ganga, ya duba allo. Tafin ya sauka a bayan gangar, da ɗan tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba. Ya gwada a sabuwar, tafin ya hau kan gangar cif. Ashe tsohuwar manhajar jinkirta murya take yi. Shekara da shekaru Injiniya na cewa “ɗan ƙara sauri, Yaya”, har Tela ya saba shiga kafin lokaci ba tare da ɗayansu ya sani ba. Kuskuren manhaja da na mawaƙi sukan haɗu su ba da daidai.

Injiniya ya je har shagon Tela, ya same shi yana taka keke. Ce masa kawai ya yi an gano matsalar, waya ce. Tela ya harare shi ta saman tabarau.

“Wayar da ka canza sau uku?”

“Wata daban, Yaya.”

Yanzu kwamfutocin biyu na kan teburi ɗaya, sun matse juna. Tela a tsohuwar yake rerawa, sauran mawaƙa a sabuwar. Wani lokaci Injiniya kan manta wadda ya kunna, ya tsaya yana kallon su biyun yana sosa ƙeya. Ya san a sabuwar ma yana iya jan muryar baya da hannu. Ya gwada sau ɗaya, ta zauna, amma ya ce bai ji ta kamar ta da ba, kuma ya kasa faɗin abin da ya bambanta su.

Na tambaye shi ko zai taɓa gaya wa Tela gaskiyar abin da ya faru.

Sai ya ce: “In ce masa me? Cewa shekara goma sha huɗu yana kuskure, kuma ni na koya masa? In ya sani zai yi ƙoƙarin gyarawa, in ya gyara kuma tsohuwar ba za ta karɓe shi ba. Bar shi ya yi waƙarsa.”