Rasuwar Albarka Mai Horon Dawaki, Wanda Ya Tsaya wa Lawali

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Talata, goma sha biyu ga Fabrairu, 1957, cikin watan Rajab, Allah ya karɓi ran Albarka ɗan Mamman, mutumin Gwandu, mai horon dawakin sukuwa. Ya rasu a Kalgo da hantsi, yana zaune bakin bargar Alhaji Yusufu, maigidan da yake yi wa aiki, da ragama a hannunsa yana gyaran ƙullinta. Bai yi jinya ba, ko ciwon kai bai ambata ba. Ni Ɗahiru baduku, mai ɗinka masa sirdi da majayi, nake rubuta wannan da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci, domin akwai abin da na sani game da shi wanda bai kamata ya bi shi ƙasa ba.

Albarka, tun daga Maruda har Diggi babu mai doki ko jaki da bai san ƙofar gidanka ba. Na tuna manomin nan na Wurogauri da ya jawo goɗiyarsa tana ɗingishi, ya riga ya yanke shawarar sayar da ita ga wanda ya taya. Ka ɗaure ta a turkenka, ka ciyar da ita daga harawar dawakinka, kana gasa mata ƙafa safe da yamma har ta miƙe. Da ya zo da damin gero don godiya, ka ce ya mayar, goɗiyar ta fi ka bukata.

Ba kowa ke jin daɗin zaɓinka ba. Alhaji Yusufu yana da baƙin ingarma da ake kira Akawal, kuma kowace shekara ransa na kan babbar sukuwar Sakkwato. Kai kuwa sai ka ƙi. Ka ce ƙirjin dokin bai cika ba, dogon zango zai karya shi, a bar shi a gajere. Kafin kowace sukuwa kakan tuɓe takalmi ka zaga filin da ƙafarka, idan ƙasar ba ta yi maka ba ka janye dokinka, ko da an riga an ɗaura sirdi. An ce kana da taurin kai. Amma ban taɓa jin doki ya karye a hannunka ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sukuwar kaka ta 1954, wadda aka yi a busasshiyar fadamar da ke bayan Kalgo. Lawali mutumin Diggi ne a kan Akawal, magidanci ne mai 'ya'ya, ƙaramin jiki, kuma hawan nan shi ne abincinsa. Yana gaba, ya ba sauran rata mai yawa. Da ya zo lanƙwasar da ke kusa da giginya, sai muka ga ya ja linzami da ƙarfinsa duka, dokin ya turje, ya tsaya cik. Lawali ya sauko, ya cire hularsa, ya sunkuyar da kai. Dawaki suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Rana tsaka ce, filin fayau, babu ko akuya a gabansa.

Da aka tambaye shi, ya ce mutane ya gani ɗauke da makara suna ƙetare filin, shi kuwa ba zai ratsa jana'iza da doki ba.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗi. Wasu suka ce an saye shi, wasu suka ce tsoro ne, wasu suka ce ya sha wani abu. Kafin la'asar an laƙaba masa suna Mai-makara. Alhaji Yusufu ya ce a gaban jama'a kada Lawali ya sake taka bargarsa. A nan ka tashi, Albarka, kai da ba ka cika magana a taro ba.

Ka ce, "Alhaji, Allah shi ba ka haƙuri. Ku kuna kallon mahayi, ni kunnen doki nike kallo. Akawal ya kwantar da kunne tun Lawali bai taɓa linzami ba. Abin da mutum yag gani, dabba ta riga shi gani. Ni na koya mishi kada shi tilasta doki inda ya ƙi. In laifi ne, nawa ne. In Lawali ya bar bargar ga, tare za mu fita."

Alhaji ya janye maganarsa, domin ya san ba ka faɗin abin da ba za ka yi ba. Lawali ya ci gaba da aikinsa a bargar.

Kashegari da safe kuka zo rumfata ku biyu, wai a duba majayi. Ina riƙe da basilla na ji ka tambaye shi a hankali, "Lawali, masu ɗaukar makarar, ka gane su?"

Ya dubi inda nake. Sannan ya ce, "Baba, na gane su. Ɗahiru na gaba, hannun dama. Alhaji na biye. Ni ma na ga kaina, ina baya."

Basillar ta faɗi daga hannuna. Kai kuwa ka ce, "Ni fa? Ka gan ni cikin masu rakiya?"

Ya ce, "Na duba, Baba. Ban gan ka ba."

Ka gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashin dusa. Ka ce mana maganar ta tsaya a rumfar nan, gaibu na Allah ne, kuma babu mai ƙara wa kansa kwana da gudu. Ka ɗauki majayinka ka fita.

Wani da ya ji haka da ya tattara ya koma Gwandu, bai sake leƙo Kalgo ba. Kai ba ka yi ba. Abin da ka sa a gaba shi ne sunan Lawali. Ka daina neman manyan filaye inda ake yi masa ihu, ka riƙa kai shi ƙananan sukuwa a Bunza da Jega, inda ba a san labarin ba. Alhaji yana ƙorafi cewa an mayar da dokinsa na ƙauye, kana ba shi haƙuri. Duk inda wani ya ce Mai-makara, kakan je har gabansa ka ce, "Sunanshi Lawali." A haka ya fara cin sukuwa, har bara ya zo na ɗaya a Birnin Kebbi, waɗanda suka zage shi suna kallo.

Ranar Talatar nan, bayan an sallace ka da azahar, muka ɗauke ka. Garken shanu da ke gangarawa mashaya ya toshe hanyar maƙabarta, liman ya ce mu yanke ta fadama. Ban zaɓi inda zan kama ba, inda na samu na sa kafaɗa, sai ga ni a gaba, hannun dama, Alhaji na biye da ni, Lawali a baya. Muna daidai giginya na ji sukuwar doki tana tahowa daga hagunmu, ƙasa na amsawa, tana matsowa. Sai ta yanke. Na ji hucin dabba kusa da kunnena. Duk dawakin Alhaji suna ɗaure a barga a lokacin. Ban waiwaya ba, kuma har yau ban tambayi kowa ko ya ji ba. Abin da na sani, makarar ta yi rawa ta baya, liman ya ce wa wani ya karɓi Lawali.

Ni ba malami ba ne, ba ni da fassarar wannan. Na karya alkawarin rumfa ne don mutanen Kalgo su san irin mutumin da suka binne: ya ji abin da ya ji, bai tsorata ba, bai kuma ƙullaci wanda ya faɗa masa ba, sai ma ya ƙarar da sauran kwanansa wajen wanke shi.

Allah ya jiƙanka, Albarka, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya sa tsayawar da ka yi wa mai rauni ta tsaya maka ranar da babu mai tsaya wa wani. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka Inno a Gwandu, da maiɗakinka Salamatu, da 'ya'yanka Isa da Binta, da Alhaji Yusufu, da Lawali wanda har yanzu bai iya sa ƙafa a likkafa ba. Allah ya ba su haƙuri, ya sa mu cika da imani.

Wanda kuma yake son yi wa mamacin sadaka bai da abin bayarwa, to ya kira Lawali da sunansa.