Jan Tsinke a Tulun Bajimi

Bajimi ba sunansa na yanka ba ne. Mutanen gari ne suka laƙaba masa, kuma ba don ƙira ba, don mutumin siriri ne, bayansa ma ya fara ranƙwafawa. Tun ranar da ya fara yawo a babur da tulun ƙarfe ɗaure a baya yana yi wa shanu allurar baye, wato ta ɗaukar ciki, masu tsokana suka ce ai gari ya yi sabon bajimi, mai hula ma kuwa. Matarsa ta yi wata biyu tana fushin sunan. Daga baya ita ma in abinci ya sauka sai ta leƙa ɗaki ta ce, "A kwance Bajimi daga turke."

Kafin tulun nan ya shekara ashirin a ofishin likitan dabbobi yana dandaƙa da gyaran kofato, ba wanda ya san da zamansa. Sai ƙasashe huɗu suka haɗa kai a kan su riƙa musayar irin bajimansu nagari, don shanun talakawa su ƙara nono. Aka turo wata likita daga ɗaya daga cikin ƙasashen, doguwar mace marar yawan dariya, ta koya masa aikin cikin mako shida. Irin yana zuwa ne a daskare cikin 'yan tsinkayen roba sirara, ana ajiye su a tulu mai sanyin da in ya taɓa yatsa sai ya ƙone shi. Kowane bajimi da launin tsinkensa. Na farko ja, na biyu kore.

Doka ɗaya Likita ta nanata masa har ya gaji da ji. Saniyar da aka haifa da jan tsinke, in ta isa baye, kore za a ba ta, don jan ubanta ne. Kuma duk allurar da ya yi sai ya rubuta launinta a kati, katin ya tafi babban ofishinsu na ƙetare, inda ake bin sawun kowane bajimi.

"Ko da wasa kada ka ba 'yar ja ja," in ji ta.

"Ranki ya daɗe, ai ko mahaukaci ya san wannan."

To, ya faɗa da bakinsa.

Jan tsinke kuwa ya yi abin mamaki. 'Ya'yansa suka taso da hantsa kamar an hura, gidan da da ƙyar ake tatsar kwano ɗaya sai ga shi ana cika bokiti. Mutane suka riƙa kawo bajimansu na gida, shi da hannunsa ya dandaƙe su ɗaya bayan ɗaya, har ya zama in ba tulunsa ba, babu namijin saniya mai amfani a unguwanni biyar. Kore kuma ba laifi gare shi ba, 'ya'yansa lafiyayyu, sai dai nononsu bai kai ba. Wa zai so kore bayan ya ga ja?

Yayarsa ce ta fara karya shi. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta kai shi makaranta tana jan kunnensa, har yau kuma da furfurarsa Auta take ce masa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse neman abinci, da nonon saniya take riƙe da kanta. Da karsanarta 'yar ja ta isa baye, ya zo ya buɗe tulu ya ɗauko kore. Ta riƙe masa hannu.

"Mayar da wannan ganyen. Ja nake so."

"Yaya, ubanta ne fa."

"Uban wa? Tsinke ne uba? Ka taɓa ganin sa ya zo gaishe ta? Auta, ni za ka karanta wa dokar baƙi a cikin gidana?"

Ya yi bayani, ta juya masa baya tana share ido da bakin mayafi. Wallahi da zagi ta yi da ya iya tsayawa. Ya ba karsanar ja. Da ya koma ofis ya zauna gaban kati, biro a hannu, ya daɗe. Sannan ya rubuta kore.

Wata tara ya yi gabansa na faɗuwa. Ranar haihuwa sai ga maraƙa sumul, da farin tabo a goshi, ta miƙe tana neman nono kafin a gama goge ta. Yaya ta sa mata suna Tauraruwa, ta dube shi ta ce, "Ina dodon da ka ce?" Ya yi dariya har da hawaye, kuma daga ranar ya sa a ransa cewa dokar nan iyayin masu ilimi ne kawai.

Magana ba ta kwana a gidan Yaya. Tela ya zo neman ja, mai gidan burodi ya zo, tsohon hedimasta ma da ya fi kowa iya faɗa a kan bin doka ya zo ta bayan gida. Bajimi mutum ne da ba ya iya cewa a'a ga wanda ya gaishe shi da kyau. Ba ya karɓar ko sisi a kan haka, shi dai a ce an gode. Ya yi ta ba 'ya'yan ja ja, yana rubuta kore. Koren na gaskiya kuma yana fitar da su ya jefa a rami, don lissafin tsinkaye ya yi daidai. Daga ƙetare har takardar yabo aka aiko masa, matarsa ta sa a gilashi ta rataye.

Ana haka kakar Tauraruwa ta tsufa aka yanka, uwarta ta ci leda ta mutu. Yaya ta rage da ita kaɗai. Da ta isa baye, ba a ma yi musu ba. Ya ɗauko ja. Bajimi guda ya zama kakanta, ubanta, kuma uban abin da ke cikinta.

A gidan Tela abin ya fara. Aka kira shi da hantsi saniya ta kasa haihuwa. Ya sa safar hannu har kafaɗa ya shiga lalube, sai ya ji abin da hannunsa bai taɓa ji ba a shekara talatin. Ƙafafun gaba a murɗe suke, sun sandare, ba sa miƙuwa. Da ƙyar aka jawo maraƙin, matacce, wuyansa guntu kamar an tura kan cikin kafaɗu. Tela ya ja da baya yana salati. Uwar ta kwana biyu ba ta tashi ba, a na uku aka sa mata wuƙa.

Bajimi ya ce ƙaddara ce. Bayan mako uku aka sake a gidan hedimasta, iri ɗaya sak, har murɗewar ƙafa. Sai na uku a bayan tasha. Dole ya aika rahoto da hotuna, kuma a gurbin sunan uba ya kwafi abin da katin ya ce, wato kore.

Abinci ya daina shiga masa. Ya kan tsaya da babur a bakin garken mutane ya zuba wa shanu masu ciki ido har mai gida ya tsargu. Shi kaɗai ya san adadinsu, don katin ƙarya yake yi amma kansa bai manta ko ɗaya ba. Kullum kuma sai ya bi ta gidan Yaya. Tauraruwa ta yi nauyi, tana tafiya tana nishi, Yaya na shafa mata ciki tana yi mata hira kamar mutum.

"Auta, me ya sa kake kallonta haka? Ka rame fa. Ko matarka ta daina ba ka abinci ne in je in same ta?"

"Lafiya lau, Yaya."

Ranar wata Talata da safe motar ofis ta sauke masa sabon tulu. Ya buɗe, hayaƙin sanyi ya taso ya wuce, ya ɗago mariƙin tsinkayen. Ja. Ya ɗago na biyu, ja. Duk shida ja ne. Bai rufe ba waya ta yi ƙara, Likita ce daga ƙasarsu.

Ta ce rahotonsa ya yi amfani ƙwarai. Maraƙi uku masu nakasa iri ɗaya daga uba ɗaya ba wasa ba ne, saboda haka an dakatar da kore a ƙasashen huɗu sai an gama bincike. Kafin a samo wani, an raba ja ko'ina a madadinsa, don shi ne katunan suka nuna ba shi da aibu.

"Kai ne ka fi kowa riƙe kati," in ji ta. "Da kowa irinka ne da mun huta."

Kai, jama'a! Ya dubi tulun, ya tuna masu babur irinsa a wasu ƙasashe uku, kowa da tulu cike da ja, kowa da tasa yayar. Ya zauna a kan benci.

"Ranki ya daɗe, kore bai yi komai ba. Ban taɓa ba su kore ba. Ja na ba su, 'ya'yan ja. Ni na rubuta ƙarya."

Ya ciro wayar daga kunne ya duba ko ta katse. Da ta yi magana ba ta ɗaga murya ba, shi kuwa da ta zage shi ya fi masa sauƙi.

"Guda nawa ne ba su haihu ba tukuna?"

"Arba'in da uku."

"Akwai wadda ka ninka wa sau biyu?"

"Ɗaya."

Ta ce ba duka abin zai shafa ba, amma ba wanda ya isa ya ce wacce da wacce. Ya rubuto mata sunan kowane gida yau ɗin nan, ya kuma je ya gaya wa masu shanun da bakinsa. Ita za ta bi motocin da suka riga suka tashi da jan tsinken, in ta cim musu. Maganar aikinsa kuma sai daga baya.

Yana ajiye wayar ta sake ƙara. Yaya ce, muryarta cike da murna.

"Auta, maza! Faya ta fashe tun ɗazu, tana ta yunƙuri. Na ɗora ruwan zafi."

Ya tarar ta share turken tas, ta shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ta wanke bokitin tatsa ta kife shi a rana. Har igiya sabuwa ta tanada don ɗaure maraƙi. Tauraruwa na kwance a gefe ɗaya, idanunta sun fito, jikinta na rawa. Ya wanke hannu, ya sa safar, ya durƙusa a bayanta. Yaya ta tallafe kan saniyar a cinyarta tana cewa, "Yi haƙuri, 'yar albarka, ga kawunki ya zo."

Ya tura hannu a hankali. Ya taɓa kofato ɗaya, ya bi shi zuwa gwiwa, ya gwada miƙe ƙafar, ba ta miƙu ba. Ya sake gwadawa. Sannan ya lalubi wuyan.

"Yaya dai?" in ji Yaya tana murmushi. "Mace ce ko? Ni dai mace nake so, ka ajiye mata jan nan."

Bai cire hannun ba. Ya ɗago ya dube ta, wannan mata da ta goye shi, ya ga murmushin yana barin fuskarta kaɗan kaɗan.

"Yaya," ya ce, "aika a kira mahauci ya tsaya kusa. Sannan ki zauna, ina da magana."