Tafintan da Ya Hana Bashir Shiga Jami'a

Kafin in lalace, mataimakin koci ne ni a wata sakandare a unguwar Morrisania ta ƙasar Amurka, ina koya wa samari ƙwallon Amurka. Da yake ina jin Hausa da Turanci, duk sanda wakilin wata jami'a ya zo neman ɗan wasa, ni iyaye masu jin Hausa ke kira in yi musu tafinta.

Wata shekara asirin wata jami'a ya tonu, ashe ana ba 'yan wasa kuɗi a ɓoye. Aka kori kocinta, iyaye suka firgita, kowa ya janye ɗansa. Sai wani dillalin 'yan wasa ya ja ni gefe ya ce, "Ka ga yadda suka watse? Tsorata su kawai za ka yi. Duk wanda ka karkato mana, akwai rabonka."

Da farko labarin gaskiya nake ƙara wa gishiri. Daga baya na koma ƙirƙira, har ina buga wasiƙun ƙarya masu tambarin hukuma, ina karɓar kuɗin sauya makaranta a hannun iyaye.

Alhaji Isufu, mutumin Nijar mai shago a unguwar Tremont, bai taɓa sakin jiki da ni ba. Wata jami'a ta ba ɗansa Bashir gurbin karatu kyauta. Na kai wa Alhaji wasiƙa cewa ita ma ana bincikenta, na yi musu alkawarin gurbi a wata jami'ar. Ya jujjuya takardar, ya ƙura min ido.

"Malam, me ya sa kullum kai kaɗai kake jin irin wannan labari?"

"Alhaji, muna da mutane a ciki."

"To. Allah ya sa."

Bai yarda da ni ba, amma shakka ta shige shi, ya hana Bashir sa hannu. Jami'ar ta ba wani gurbin. Wadda na yi musu alkawari kuwa ko sunansa ba ta sani ba. Yayar Bashir ce ta kai wasiƙar wurin lauya, aka ɗaure ni shekara uku.

Da na fito na je shagon neman gafara, na tarar da Bashir yana jera gwangwanayen madara. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Koci, yanzu Baba ko takardar asibiti aka kawo masa sai ya ce ƙarya ce." Na kasa ɗaga kai.

Na tuba, kullum ina roƙon Allah gafara. Ku matasa, in babba ya miƙo muku takarda ku karanta masa, ku faɗi abin da ke cikinta kawai. Wanda kuma ya zo da labarin tonon asiri yana gaggauta ku, ku kira makarantar da kanku kafin ku fasa komai.