Namijin Dabinon Bakin Hanya

Shekarar da aka ba mu jiha, kowa rububin komawa Dutse yake yi ya samu kujera a ofis. Ni da aka haifa a Dutse, aka binne cibiyata a gindin duwatsun nan, sai aka tura ni wani ƙauye a bayan Aujara in koyar da 'yan aji uku. Ba ni da uwa a gindin murhu, iyakar laifina ke nan. Na naɗe katifata, na ɗauki risho, na hau a-kori-kura ina ƙunƙuni har muka isa.

Littafin da aka ba ni ya ce shuka tana bukatar abu huɗu: ruwa, hasken rana, iska da ƙasa mai kyau. Na rubuta a allo, yara suka rera kamar karatun makarantar safe, kafin a tashi tara sun haddace. Sai kunya ta kama ni. 'Ya'yan manoma ne fa, tun suna goye ake zuwa da su gona, ni kuma na zo daga birni da alli a hannu ina sanar da su cewa gero yana son ruwa. Littafin ya ƙara da cewa a sa wake a kan auduga, a ɓoye ɗaya a cikin kabad don yara su ga abin da duhu ke yi wa tsiro. Ajinmu ko ƙofa ba shi da ita, balle kabad. Na shuka waken a gwangwanayen madara na jera a taga, akuyar hedimasta ta shigo ta ƙarasa mana darasin.

Da na zauna na duba garin, sai na ga abin da yaran ba su sani ba. Ba su san jiran shuka ba. A wurinsu ruwa ya sauka, a yi shuka, kafin wata huɗu an kai amfani gida. Ba wanda ya taɓa ɗaukar ruwa da rani ya zuba wa abin da ba zai ci a bana ba. Garin kuwa fetal yake, in ka cire kukoki da wasu darbejiya biyu na ƙofar mai gari. Ni kuma a gidan dabino na tashi. Mahaifina yana da su a bayan gari a Dutse, kuma shi ya koya mini hawa tun ƙayar tana sa ni kuka.

Saboda haka da na je gida na dawo, sai na zo da dabino cike da ƙwarya. Na raba musu, na ce a ci, amma duk wanda ya yar da ƙwallon zai gamu da ni. Muka haƙa ramuka a gefen makaranta, daga bayan aji har bakin hanya, kowane yaro ya binne nasa. Muka kewaye da ƙaya. Na kafa doka, kowa ya zo da ruwa gwangwani ɗaya daga gida kullum da safe. Rijiyar garin mai zurfi ce, guga sai an haɗa igiya biyu, don haka iyaye mata suka tsane ni tun ba su gan ni ba. Wata tsohuwa ta aiko jikarta ta gaya mini wai in ina son ban ruwa in auro matar da za ta riƙa jawo mini.

Da tsiron ya fito, ganye ɗaya ne siriri a tsaye. Yara suka ce Malam ya sa su wahala a kan ciyawa. Gara ta ci wasu, awaki suka tsallake ƙaya suka ci wasu, zafin bazara ya ƙone da yawa. Duk wanda nasa ya mutu sai in haɗa shi da na wani, mu tona mushen tare mu ga abin da ya kashe shi. A nan suka koyi abin da ba ya cikin littafi: ruwan rana tsaka ba ya amfanar tsiro, taki ɗanye yana ƙona saiwa, toka tana korar gara. Hutu ya zo, malamai suka watse, ni na zauna ina jan guga. Abokaina na Dutse suna ta sayen babura, ni ina gadin ganye.

Wata rana na gaya musu abu na biyar. Na ce dabino akwai namiji akwai mace, kuma ba mai iya bambance su sai sun yi fure. Namijin ba ya 'ya'ya ko ɗaya. Abin da yake fitarwa wani abu ne kamar kuben wuƙa, in ya tsage sai ka ga fure mai farin gari a ciki. Ana yanko silin furen a ɗaura a tsakiyar na macen, in ba haka ba duk ruwan da aka zuba mata ya tafi a banza. Aji ya kaure da dariya. Wata 'yar ƙarama mai bakin tsiya ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, to wa zai biya sadaki?” Na ce waɗanda suka yi ban ruwa su ne waliyyai, kuma nonon farko da ya nuna nasu ne, ko hedimasta ba zai ɗanɗana ba sai sun ci. Alkawari na yi musu, kuma da gaske nake.

Shekaru suka yi ta tafiya. 'Yan ajin farko suka gama, wasu suka bi shanu, wasu suka tafi ci-rani Kano, matan suka yi aure. Ƙannensu suka gaji gwangwanayen. An yi mana hedimastoci uku ina nan, an ba ni damar komawa kusa da gida sau ɗaya na ƙi, mahaifiyata ta ce an yi mini asiri da itace. Itatuwan da suka tsira ba su kai goma ba, amma sun yi kauri, sun fi ni tsawo. In tsofaffin ɗalibaina suka zo wucewa sai su leƙo ta kan ƙaya su ce, “Malam, har yanzu amaren ba su haihu ba?” In ce su ƙara haƙuri.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a na je Dutse, na yi kabbara har muryata ta dushe. Ba na ɓoyewa, na yi murna. Na ɗauka daga ranar ba za a ƙara danne talaka ba. A sanyin wannan shekarar ne kuma itatuwana suka fara fitar da kube. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina dubawa. Duk mata ne, sai guda ɗaya tak, na can ƙarshe a bakin hanya. Shi ne namijin. Kubensa ya kumbura amma bai tsage ba, saura kwanaki kaɗan. Na aika wa 'yan ajin farko da ke kusa cewa su shirya.

Ana cikin haka kansilanmu ya zo da mota da mutanensa, ya ce zai gina wa makaranta masallaci. Muka ce Allah ya saka da alheri. Makarantar tana da fili a baya wanda ko ƙwallo aka buga sai an gaji, amma shi bakin hanya yake so, inda motocin ranar kasuwa ke wucewa. Aka ja igiya, aka kafa turaku, namijin dabinon ya faɗa tsakiya.

Na je wurin hedimasta. Mutum ne mai sanyi, ba ya son abin da zai taɓa masa kujera. Ya ce, “Haba Malam, ai an yi maka adalci. Masu haihuwar duk an bar maka su. Wannan kai da bakinka ka ce ba ya 'ya'ya.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, rabin maganata ka riƙe. In babu shi sauran ma ba za su yi ba.”

Ya ce in je in gaya wa kansilan, shi ne mai aikin. Na je. Na durƙusa wa mutumin da ban fi shi komai ba sai shekaru, na ce a matsar da igiyar gabas kaɗan, ko kuma a jira mako biyu furen ya tsage in yanka, bayan nan a yi yadda aka ga dama. Ya dube ni a gaban jama'a, ya ɗaga murya don na nesa su ji, ya ce, “Malam, itace kake fifitawa a kan ɗakin Allah?”

Da na yi shiru da wataƙila an jira ni. Amma ni bakina bai taɓa sanin lokacin da ya kamata ya rufu ba. Na ce, “Ranka ya daɗe, ko a bayan aji aka gina shi Allah yana gani. Masu mota ne ba za su gani ba.”

Kafin la'asar labari ya zagaye gari cewa malamin aji uku ya hana gina masallaci. Na je wurin liman, dattijo mai ilimi, na ce, “Allah gafarta Malam, kai ka san zancen dabinon nan gaskiya ne.” Ya ce ya sani sarai, har a littattafai ya karanta. Na ce to ya faɗa wa mutane. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi, ya ce, “Ka san zamanin da muke ciki.”

Ranar Juma'a na tafi Dutse duba mahaifina da ba shi da lafiya. Da na dawo ranar Lahadi kututturen namijin na tarar. An ja gangar jikin an yar a kwalbati. Na yanko kuben na tsaga da wuƙa, furen ɗanye ne shakaf, babu gari ko na shafawa a yatsa. Na zauna a ƙasa a bakin hanya, ni da gemuna, na yi kuka. Na yi niyyar komawa Dutse in samo wani furen, amma washegari aka ce kada in ƙara taka makarantar sai an gama bincike. Mutanen da na koyar da 'ya'yansu suka daina amsa mini sallama. Binciken bai wuce mako ba aka mai da ni Taura.

A can labari ya same ni. Matan dabinon sun yi 'ya'ya sirara marasa ƙwallo, masu bauri, suka bushe suka zube. Gari ya sa musu suna juyoyin Malam. Abin ya ci mini rai, amma na samu abin da nake rarrashin kaina da shi. Na ce jahilci ne. Leburorin kansila ne daga wani wuri, ba su san abin da suka sara ba. Da ɗaya daga cikin yarana yana wurin da ya rungume itacen nan. Da wannan tunanin na yi shekara guda ina shiga aji.

Da sanyi ya zagayo na je gonar mahaifina na yanko silin fure mai kyau, na naɗe a takarda, na hau mota zuwa Aujara. A tasha wani ɗan acaɓa ya cire hula ya gaishe ni har ƙasa. Ɗan ajin farko ne, ya zama saurayi, ƙato. Ina tuna shi sarai, yana cikin waɗanda ba su taɓa zuwa da gwangwani rabi ba. Na yi farin ciki ƙwarai. Na hau, muka kama hanya ina ta zuba, ina gaya masa abin da ke cikin takardar. Shi dai “to, Malam” kawai yake cewa.

Ginin masallacin yana nan iya gwiwa, awaki kwance a ciki. Itatuwana kuwa sun sake fitar da kube, wasu har sun tsage suna jira. Hedimasta ya fito ya tare ni a bakin ƙaya, ya ce in rufa masa asiri, umarnin da aka ba shi bai canja ba. Ban yi masa musu ba. Na juya na miƙa wa yaron takardar, na ce, “Kai ba wanda ya hana ka shiga. Ka san yadda ake yi. Sili biyu a kowane nono, ka ɗaure sama-sama.”

Ya mai da hannuwansa baya. Ya ce, “Malam, ka yafe mini. Ni na sare shi.”

Na ce, “Kai? Ba ka gane shi ba ne?”

Ya ce, “Na gane shi, Malam. Ai kai ka koya mana. Shi ya sa na bari sai da ka tafi Dutse.” Ya dafa kan babur ɗin. “Onarabul ne ya ce duk wanda ya yi aikin zai sa shi a cikin waɗanda za a raba wa babura. Kuma in aka gan ni yanzu a kan itacenka, karɓewa za a yi.”

Na ajiye takardar a kan bulon masallacin. Rana ta yi sama, Aujara da nisa, kuma duk ƙauyen babu wani abin hawa sai nasa. Ya tayar da babur ɗin, ya ce, “Bismillah, Malam.”

Na hau. Har muka isa tasha ƙarfen baya na riƙe, ban dafa kafaɗarsa ba.