Tsandon Bayan Gidan Mai Wanki

Tun tana amarya take wanki a rafin da ya ratsa ta bayan gidajensu, har sunanta na yanka ya ɓace, yaro da babba kowa sai dai Ta-Rafi. Malaman makaranta, gwaurayen unguwa, matan da suka haihu ba mai taimako, duk ita ke wanke musu kaya. Tana da dutsenta a gindin wata itaciya mai duhuwa, ya yi sulɓi don bugun tufafi, kuma ko ba ta nan ba mai hawa kansa. Mijinta kafinta ne, mutum mai raha da son jiki. Yakan ce Allah ya haɗa shi da macen da aka shuka wa ƙaya a tabarma, shi ya sa ba ta iya zama.

Da gaske ba ta zama, barcin rana kuwa ko a mafarki. Mutane sun ɗauka ƙwazo ne kawai, amma da dalili. Tana ƙarama, a wani ƙauye can gaba da nasu, mahaifiyarta ta kamu da ciwon barci. Da ciwon kai ya fara, sai faɗa ba dalili ga matar da ba a taɓa jin kanta da kowa ba, sannan barci ya zo ya zauna. Ta-Rafi ce ke ba ta abinci. Takan sa mata loma a baki, kafin ta ɗebo ta biyu uwar ta tafi, sai ta sa yatsa ta zaro lomar don kada ta shaƙe ta. A haka ta rame har ta cika. Daga nan Ta-Rafi ba ta ƙara ganin mutum kwance da rana ba face gabanta ya faɗi.

Shekaru suka ja, ta aurar da 'ya'yanta, ciwon ya zama labarin da. Tsando dai yana nan a duhuwar rafi, ƙudan nan mai cizo kamar an soka maka allura, amma kowa ya san shi da shanu yake yi, shi ke kawo musu sammore. In ya ciji Ta-Rafi sai ta kai masa mari, ta zage shi, ta ci gaba da cuɗa.

Wata shekara bayan damina sai ga baƙi a mota, sun zo da tarkuna na ƙyalle shuɗi da baƙi, suna kafawa a bayan gidaje da bakin ruwa. Shugabarsu wata malama ce daga asibitin birni, siririya, mai magana a hankali. Kafinta ya yi ta dariya, wai duniya ta ci gaba, yanzu har ƙuda ake yi wa ɗaki. Da aka zo kwashe tarkunan, wanda ke kusa da dutsen wankin Ta-Rafi shi ya fi kowanne cika. Ta tsaya da kumfa a hannu ta tambayi malamar me za a yi da su.

Malamar ba ta ɓoye mata ba. Ta ce za su fasa cikin ƙudajen su duba ƙwayar cutar da suke ɗauke da ita. Ƙwayar dangi-dangi ce, kamar 'yan gida ɗaya masu kama ɗaya amma hali daban. Akwai wadda dabbobi kaɗai take kamawa, in ta shiga jinin mutum sai ta mutu. Akwai kuma wadda ke kama mutum. Ko a madubin likita ba a rarrabe su, sai an kai babban ɗakin gwaji an binciki asalin halittarsu.

"Wadda ke kama mutum ɗin, me take sa shi?" in ji Ta-Rafi.

"Ciwon barci, Inna. Amma ba mu ce ita ce a nan ba tukuna."

Ta-Rafi ba ta san yadda ta ƙarasa wankin ranar ba. Kalmar "tukuna" ta bi ta har gida.

Tun daga ranar Kafinta ya rasa sukuni. Shi mutum ne da in ya ci abincin rana sai ya miƙe a kan bencin aikinsa, hula a fuska. Yanzu da ya lumshe ido sai ya ji an girgiza shi. Ta tambaye shi ko kansa na ciwo, ta shafa bayan wuyansa tana neman kaluluwa, ta tambaye shi sunayen jikokinsa don ta ji ko hankalinsa na nan. Ya ce shi barcin nan da shi aka haife shi, in ciwo ne to ungozoma ce ta sa masa. Ba ta yi dariya ba. Ta bi gidajen 'ya'yanta tana laluben wuyan kowa, har surukarta ta fara tsuke baki. Ita kuwa zazzaɓin da ke zuwa mata yana tafiya, da ƙaiƙayin da ya dame ta, da ciwon kan da ke sauko mata har ido, duk ta ɗora wa rana da sauro.

Sakamakon bai dawo ba tukuna abin ya faru. Da hantsi ne, tana zaune kan dutsenta tana cuɗa rigar wani malamin makaranta. Ta tuna ta ɗaga rigar za ta buga. Abin da ta sani bayan nan, inuwar itaciyar ta koma ɗaya gefen, kumatunta na kan gwiwarta, ƙafafunta a cikin ruwa sun yi fari sun yamutse. Ba riga, ba sabulu, ruwa ya tafi da su. Wani tsando na zaune a damtsenta ya sha har cikinsa ya yi ja.

Ba ta yi kuka ba. Ta bar sauran kayan a nan, ta hau gangaren da rarrafe. Ta shiga rumfar mijinta ta zauna a ƙasa cikin garin katako. Shi kuma da ya ga ta zauna da rana tsaka, hannu ba komai, sai zarton ya suɓuce masa.

"Malam, ba kai ba ne," ta ce. "Ni ce."

A ranar ya nemo mai babur, ya ɗaure ta a bayan mai babur ɗin da zani kamar goyo don kada ta gyangyaɗa ta faɗo, suka nufi asibitin birni su uku. Suka tarar da malamar tana shirin zuwa ƙauyen da kanta, don sakamako ya fito. Yawancin ƙudajen ta dabbobi suke ɗauke da ita, amma a cikin waɗanda aka kama a bakin rafi an sami mai kama mutum. Malamar ta shafa wuyan Ta-Rafi, ta tarar da ƙululu a ƙeya, inda ita mai wuyan ba ta taɓa laluba ba. Aka ɗebi jini, aka tsotsi ruwan ƙululun da allura. Kafin magariba an tabbatar.

Ta-Rafi ta juya fuska ga bango, ta fara faɗa wa mijinta wanda za a ba wa tukwanenta. Malamar ta jawo kujera ta zauna kusa da ita, ta ce zamanin mahaifiyarta daban, yanzu akwai magani, ƙwayoyi ne ake haɗiya da abinci, kuma an zo da ita kan lokaci. Ta-Rafi ta ji, amma kunne ne ya ji, zuciya ba ta karɓa ba.

Maganin bai zo da sauƙi ba. Ya sa ta amai, hannunta ya riƙa rawa, abinci ya fita ranta ga shi dole ta ci. Amma abin da ya fi wahalar da ita shi ne rufe ido. Duk sanda barci ya ɗebe ta sai ta zabura, ta damƙe hannun wanda ke kusa. Ta sa Kafinta ya rantse zai riƙa tashinta, in kuma ta ƙi tashi kada ya kira 'ya'yan su gan ta haka. Mutumin da bai taɓa wuce barcin rana ba ya zauna a gefen gado yana kallon ƙirjinta na hawa da sauka. Raharsa ta ƙafe. Sau ɗaya ya gwada, ya ce ashe dai ta iya kwanciya, daga nan bai ƙara ba.

Da sannu zazzaɓin ya janye, kan ya yi sauƙi, aka sallame ta da sharaɗin ta riƙa dawowa ana dubawa. Ta tarar an sassare duhuwar bakin rafi, an yi wa shanu feshi, tarkuna sun ƙaru. Ba ta sake sauka can ba. Kafinta ya haɗa mata wani faffaɗan katako a tsakar gida kusa da rijiya, a nan take wanki yanzu, kaɗan-kaɗan, don ƙarfin bai dawo duka ba.

A gwajin da aka yi wa mutanen ƙauyen an sami wasu masu ciwon, aka kai su asibiti suka warke. Wani makiyayi ne kawai ya ƙi tsayawa, ya ce shi ba a ɗibar masa jini, ya kora shanunsa ya yi daji. Sai da 'yan'uwansa suka ɗauko shi a kan jaki, ciwon ya yi nisa, kafin a kai asibiti ya cika. Matarsa ta kulle kanta a bukka, ita ma ta ce ba wanda zai taɓa ta. Ranar da malamar ta dawo da kayan gwajinta, Ta-Rafi ta yafa gyale ta tafi rugar. Ba wanda ya ji abin da suka faɗa wa juna. An dai ga sun fito, Ta-Rafi na riƙe da hannun matar, har suka shiga layin gwaji.