Malam Fizge

Malam Fizge ɗalibai ke kiransa, kuma shi ya jawo wa kansa. Duk shekara, in darasin kemistiri ya zo kan yadda ƙwayoyin zarra ke haɗuwa, sai ya kira ɗalibi su riƙe alli ɗaya tare, allin a matsayin ilektaron da ke haɗa ƙwayoyin. In ƙarfin jan ilektaron na ƙwayoyin biyu ya yi kusa, in ji shi, tarayya suke yi. In kuwa tazarar ta haura ɗaya da ɗigo bakwai, kamar ta sodiyam da kulorin da ke cikin gishiri, sai ya fizge allin, aji ya kwashe da dariya.

Akwai na tsakiya, irin na ruwa: sunan tarayya ne, amma ilektaron ya fi zama wajen mai ƙarfi. Wannan ba ya son daɗewa a kansa.

Da matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, yayansa ya zo har ɗakin haya ya ce yarinya ba ta tashi tsakanin risho da takardun jarrabawa. A raba riƙo: ranakun makaranta a gidansa, ƙarshen mako wajen ubanta. Gidan yaya akwai bene, akwai mota, akwai uwa mai yi mata kitso. Malam katifa gare shi da kwalin littattafai. Gwanin auna tazara, ranar nan bai auna ba.

Ƙarshen mako ya koma ƙarshen wata, ƙarshen wata ya koma dogon hutu. Kullum da uzuri, kullum cikin ladabi. Abin na cin ransa, amma ƙarar wa zai kai? Yaya ne, kuma taimako aka ce. Ya ci gaba da share gefen ɗakin da take kwana, yana gaya wa abokan aiki ai tare suke riƙon ta.

Rannan, bayan shekaru, direban yaya ya kawo ta, ta zama budurwa, jarrabawa ta matso, kemistiri ya gagare ta. Ta gaishe shi har ƙasa, ta ɗosana a bakin katifa kamar baƙuwa. Ya ɗauko alli suka riƙe tare.

"Malam," ta ce, "Baba ya ce ka fi kowa iya wannan. Ta yaya ake gane fizgewa aka yi, ba tarayya ba?"

"Ki ɗebe ƙarfin ƙaramin daga na babban," ya ce. "Amsar ba ta ƙarya."

Direba ya danna hon a waje. Malam ya sakar mata allin.